Jambalaya: Dafa-dukan da Launinta Ke Fitowa Daga Gindin Tukunya

Duk ƙarshen watan Mayu, garin Gonzales da ke tsakanin Baton Rouge da New Orleans, a jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka, yakan turnuƙe da hayaƙin itace. Masu girki, yawancinsu maza, sukan jera tukwanen baƙin ƙarfe a fili, kowa da mataimakinsa da tarin faskarensa, ana gasar wanda ya fi iya dafa shinkafa da kaza a tukunya guda. Tun 1968 ake wannan biki, shekarar da gwamnan jihar na wancan lokaci, John McKeithen, ya naɗa wa garin sarautar hedikwatar jambalaya ta duniya. A ƙasar da kusan kowane gida da gas ko lantarki yake girki, masu gasar sun kafe a kan itace, domin a wurinsu gwaninta tana wajen sarrafa wuta: yaushe za a iza, yaushe za a janye, yaushe za a bar garwashi shi kaɗai ya ƙarasa aikin.

Bahaushen da ya leƙa cikin tukunyar zai ce ai dafa-duka ce, kuma bai yi ƙarya ba. Nama ne da albasa da kayan ƙamshi da shinkafa a wuri guda, shinkafar ta nuna a cikin romon naman. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne launi. Jambalayar mutanen Kejun, mazauna karkarar yankin, ruwan ƙasa ce, wani lokaci har ta yi duhu, kuma babu tumatir a cikinta, ba ɗanye ba na gwangwani, babu markaɗaɗɗen jan tattasai, balle manja. Launin nan, da fiye da rabin ɗanɗanon, daga gindin tukunya suke fitowa, daga abin da nama ya bari ya manne a jikin ƙarfe lokacin suya.

A birnin New Orleans, tafiyar kamar awa guda daga Gonzales, akwai wata jambalayar ja mai tumatir, sau da yawa har da jatan lande. Ita ce ta Kiriyol, mutanen birni. Mutanen karkara da gefen ido suke kallonta, kuma gardamar wace ce ta gaskiya ba ta ƙarewa. Dalilin bambancin dai ba ɓoyayye ba ne. Birni na da tashar jiragen ruwa da kasuwa, ana samun komai. Mutumin fadama kuwa abin da ke tsakar gidansa yake sa wa a tukunya: kazar da ta daina ƙwai, kyafaffen nama da ke rataye, albasar lambu, ko abin da ya harbo a daji.

Waɗanda aka koro daga arewa

Kejun jikokin Faransawa ne da suka zauna a yankin Akadiya, gabashin Kanada ta yau, tun farkon ƙarni na 17. Yankin ya koma hannun Ingila a 1713, mutanen suka ƙi yi wa sarkin Ingila mubaya'a ba tare da sharaɗi ba, a 1755 kuma aka fara kwashe su da ƙarfin tsiya. Aka ƙone gidaje, aka loda iyalai a jiragen ruwa aka watsa su a gaɓar Amurka da Ingila da Faransa. Dubbai suka mutu, wasu da cuta, wasu jirgi ya nitse da su. A 1765 Joseph Broussard ya iso Luwiziyana da ayarin mutum kusan 200. A 1785 jirage 7 suka kawo wasu kimanin 1,600 daga Faransa, da kuɗin gwamnatin Sifen, wadda ita ke riƙe da Luwiziyana a lokacin. Suka bazu a bakin kogin Misisipi da ƙoramun fadama da filayen kudu maso yamma. Yau gundumomi 22 na jihar ake kira Akadiyana, da birnin Lafayette a tsakiyarsu, kuma gundumar Ascension, inda Gonzales take, tana cikinsu.

A ƙasarsu ta asali mai sanyi alkama suka sani, da kabeji da kifi. Ba su zo da shinkafa ba. A hannun wasu suka tarar da ita.

Shekaru da dama kafin isowarsu, kamfanin Faransa da ke kula da Luwiziyana ya umarci kyaftin-kyaftin na jiragen bayi na farko, waɗanda suka iso a 1719, su sayo ganguna na irin shinkafa daga gaɓar Afirka, su kuma tabbata a cikin mutanen da za su kawo akwai waɗanda suka iya nomanta. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall, a littafinta na 1992 kan 'yan Afirka a Luwiziyana ta zamanin mulkin mallaka, ta nuna cewa kusan kashi 2 cikin 3 na bayin da aka kawo a zamanin Faransawa daga yankin Senegal da Gambiya suka fito, ƙasar da ta daɗe tana noman shinkafa tana kuma dafa ta a cikin romon kifi ko nama. Su suka yi noman, su kuma suka riƙe ludayi a gidajen iyayengijinsu.

Akwai masu jingina jambalaya ga Sifen, suna cewa 'yar fayela ce, shinkafar Balensiya, wadda ta rasa za'afaran a baƙuwar ƙasa. Suna da hujjarsu: a ƙarshen shekarun 1770 gwamnatin Sifen ta zaunar da mutanenta na tsibiran Kanari a wannan yanki, sunan garin Gonzales ma, da yake na Sifaniyanci ne, shaida ne. Wasu kuma kudancin Faransa suke nunawa. A ganina duk wanda ya san yadda ake dafa-duka daga Dakar zuwa Kano, ya ga an soya nama, an soya albasa a man naman, an tsaida ruwa, an zuba shinkafa an rufe, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan hannun da ya fi yawa a wannan tukunya. Fayela a faffaɗan kasko ake yin ta, a buɗe. Jambalaya a tukunya mai zurfi ake rufe ta ta turara.

Da farko Kejun ba su ɗauki shinkafa da muhimmanci ba. Masara ce abincin yau da kullum. Shinkafa sai dai a watsa iri a kwari a bar wa Allah, in an yi ruwa a girbe, in ba a yi ba shi ke nan. Sai a shekarun 1880, da jirgin ƙasa ya ratsa kudu maso yammacin jihar, manoma daga tsakiyar Amurka suka shigo da injunan girbi da famfunan ban ruwa, shinkafa ta zama amfanin gona na kasuwa, ta yi arha har ta shiga kowace tukunya. Garin Crowley na yin bikin shinkafa tun 1937.

Maganar sosej

Sosej ɗin da aka san jambalaya da shi anduwi ne, kuma a faɗi gaskiya tun da wuri: da naman alade ake yin sa. Ana danganta shi da yankin da Jamusawa suka zauna a bakin Misisipi tun shekarun 1720, inda garin LaPlace yake taƙama da shi har yau. Ba a niƙa naman ya yi laushi, gutsi-gutsi ake yanka shi, a sa tafarnuwa da barkono da gishiri, a ɗura, a kyafe shi na sa'o'i da hayaƙin itacen fikan har bayansa ya yi kusan baƙi.

Musulmi ba sai ya haƙura da girkin ba. Abin da tukunya ke nema a wurin sosej abu uku ne: hayaƙi, tafarnuwa da ɗan kitse. Kyafaffen sosej na naman sa ko na kaza ko na talotalo da aka yanka bisa ƙa'ida yana biyan buƙata, a Luwiziyana ma ana sayar da irinsa. Abin gudu shi ne lallausan sosej ɗin nan mai launin hoda da ake sa wa a burodi, domin ba hayaƙi gare shi ba, kuma narkewa yake yi. In ba a samu mai kyau ba, gara a yi banda da tsokar naman sa mai ɗan kitse, a yanka ƙanana.

A bakin murhu

Tukunyar da za ta ƙosar da mutum 8 tana son cinyar kaza kilo 1, sosej rabin kilo, manyan albasa 3, koren tattasai 2, sandar seleri 3, rabin dunƙulen tafarnuwa, shinkafa doguwa kofi 3, da romon kaza kofi 6 ko ƙasa da haka kaɗan. Kayan ƙamshi ba su da yawa: gishiri, garin jan barkono, masoro, ganyen bay, wasu su ƙara tayim. Cinya ake so ba ƙirji ba, domin ƙirji bushewa yake yi kafin shinkafa ta nuna. Tukunya kuma lallai ta zama mai kauri da murfi mai kamawa. Siririyar tukunyar dalma za ta ƙona gindin kafin ya yi launi.

Da sosej ake farawa. A yanka shi zagaye-zagaye, a zuba a ɗan mai kaɗan, a bar shi har gefensa ya yi duhu, kitsensa ya fito, sai a kwashe. A cikin wannan man ake soya kazar, bayan an tsane ta sosai an barbaɗe ta da gishiri da barkono. A nan yawancin masu koyo ke faɗuwa, kuma gaggawa ce ke kada su. In aka juye kilo guda na nama a lokaci guda, zafin tukunya zai sauka, naman ya saki ruwa, ya koma dahuwa. Muddin akwai ruwa a gindin tukunya, zafinta ba zai wuce digiri 100 ba, alhali sauyin da ke mayar da nama ruwan ƙasa, wanda masanin kimiyya Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, sai zafi ya kai wajen digiri 140 yake kankama. Saboda haka kashi biyu ko uku ake raba naman, a shimfiɗa kowane yanki ya taɓa ƙarfe, a ƙyale shi. Ba a juya shi sai ya saki tukunyar da kansa.

Sannu a hankali wani danƙo mai duhu zai fara taruwa a ƙasa. Mai girkin da bai saba ba, da ya gan shi hankalinsa zai tashi, ya ce tukunya ta kama. Shi ake nema. Sai dai tsakaninsa da ƙonewa taki ɗaya ne, kuma hanci ne alƙali: muddin ƙamshin gasasshen nama ke tashi, ana kan hanya, da an ji ƙauri an wuce. Dabarar tsofaffin hannu ita ce, da sun ga danƙon na neman yin baƙi, sai su yayyafa ruwa kamar rabin ludayi, ya yi cuuu, su kankare da muciya, su bari ruwan ya ƙafe, danƙon ya sake kwanciya. Sukan maimaita haka sau da yawa, kowane zagaye launi na ƙara zurfi. A gida wannan mataki kan ci minti 20 zuwa 30. Idan ƙonewa ta auku da gaske, ba gyara, ɗacin zai bi kowace ƙwayar shinkafa. A wanke tukunya a sake.

Da an kwashe naman sai albasa, dukkanta, yankakkiya ƙanana. Ruwan jikinta ne zai ɗago danƙon ya narkar da shi, ana kankarewa tana shanyewa. Ba a tsayawa a inda ta yi laushi ta yi haske. Ana ci gaba, minti 15 ko 20, har ta zube ta koma ruwan ƙasa, ta kusa zama kwaɓi. Sannan koren tattasai da seleri su shiga, tafarnuwa a ƙarshe don kada ta ƙone. Albasa da tattasai da seleri su ne tushen kusan kowane girkin Luwiziyana. Mutanen yankin, da yake Katolika ne, Triniti suke ce musu, in an ƙara tafarnuwa kuma su ce Fafaroma ya iso.

Sai a mayar da kaza da sosej, a zuba romo, a sa ganyen bay, a bari ya tafasa, a rage wuta kamar minti 15 don su san juna. In mai ya yi yawa a sama, a kwalfe. Wanda ke amfani da kazar Hausa, mai tauri, ya ƙara lokaci da ruwa a nan har ta kusa nuna, sannan ya auna romon da ya rage kafin shinkafa. Ba asara ya yi ba, domin tsohuwar kazar tsakar gida ce Kejun na dā suke sa wa, kuma romonta ya fi na kajin gona nesa ba kusa ba. Kafin a zuba shinkafa a ɗanɗana ruwan. Ya kamata gishirinsa ya ɗan zarce yadda ake so, domin shinkafa za ta kwashe rabi, kuma bayan ta shiga ƙara gishiri ba ya ratsawa.

Ana zuba shinkafar ruwan na tafarfasa, a riƙa juyawa a hankali don kada ta kwanta, har ruwa ya ja ya yi daidai da samanta. Daga nan a rufe, a mayar da wuta can ƙasa, ko a janye itace a bar garwashi, a ba ta minti 20 zuwa 25. Ba a buɗewa. Duk leƙe ɗaya tururi ne ya tafi, kuma tururin ne ke dafa ta yanzu. Masu manyan tukwane sukan buɗe sau ɗaya tak a tsakiya, su zura muciya ta gefe zuwa ƙasa su kifo na ƙasa zuwa sama. Kifarwa suke yi, ba tuƙi ba. Wanda ya tuƙa zai kwashe tuwo. Bayan an sauke a bar ta a rufe minti 10, sannan a barbaɗa yankakken lawashi da faski.

Masu girkin Gonzales na da alamar da suke dubawa: ƙwayar shinkafa ta tsage ta tsawonta, ta buɗe, amma ba ta caɓe ba. In ta yi haka sun ce ta fashe, kuma shi ne abin alfahari. Farar doguwar shinkafa ce ke yin wannan. Shinkafar da aka turara kafin a sheme ta, irin wadda ta cika kasuwanninmu, ba ta fashewa haka, tana kuma son ƙarin lokaci, amma tana da kawaici, da wuya ta caɓe. Masu tsattsauran ra'ayi a can suna raina ta, masu dafa wa taro kuwa da yawansu ita suke saye a buhu. In an wanke shinkafa, a tsane ta sosai a rage ruwa kaɗan. In an buɗe aka tarar da sauran tsatstsauri, rabin kofin ruwan zafi da ƙarin minti 10 a rufe sun isa.

Akwai masu yanke hanya da ruwan launi na kwalba, irin su Kitchen Bouquet, su ɗiga cokali guda tukunya ta yi duhu nan take. Ido zai yarda, harshe ba zai yarda ba.

Daga abincin talaka zuwa teburin duniya

Har tsakiyar ƙarni na 20, a kira mutum Kejun kusan zagi ne. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya wajabta koyarwa da Ingilishi, aka riƙa hukunta yara a makaranta in sun yi Faransanci, abincinsu ma na baƙauye ake ɗaukarsa. Waƙar Hank Williams ta 1952 mai suna Jambalaya ta yaɗa sunan a faɗin Amurka, amma wanda ya fitar da girkin kansa shi ne Paul Prudhomme, ɗan autan 'ya'ya 13 na wani manomi kusa da Opelousas. Ya buɗe gidan abincinsa, K-Paul's, a New Orleans a 1979, ya fitar da littafin girkinsa a 1984, mutane suka riƙa layi a titi. Ya rasu a 2015.

Shahara ta zo da nata ɓarnar. Gidajen abinci a ko'ina suka ɗauka Kejun na nufin a tuttula barkono har baki ya mutu. A Luwiziyana ba haka ake ci ba. Yajin jambalaya a baya yake zuwa, bayan hayaƙi da albasa, kuma harshen da ya saba da attaruhu zai ma ce ba a sa ba. Mai son ƙari, kwalbar Tabasco na kan tebur, wadda ake yi a tsibirin Avery na jihar tun 1868.

A gida dai jambalaya ba ta bar aikinta na asali ba, wato ciyar da taro da kuɗi kaɗan. Manyan tukwanen da ake yin ta a ciki jikokin waɗanda ake tafasa wanki da narkar da kitse a cikinsu ne a dā. In wani ya kwanta asibiti kuɗi suka yi nauyi, maƙwabta sukan ɗora tukunya a harabar coci ko gefen titi, su sayar da abincin kwano-kwano, kuɗin su tafi ga iyalinsa. Makarantu na yin haka, 'yan siyasa na yi a taron yaƙin neman zaɓe, masu kallon ƙwallo na yi a wajen filin wasan jami'ar jihar a Baton Rouge. Da ambaliyar watan Agusta na 2016 ta cinye dubban gidaje a yankin, har da gundumar Ascension, waɗanda ruwa bai taɓa ba suka fito da tukwanensu suka riƙa rabawa kyauta ga masu kwashe laka daga ɗakunansu.

A yankin Gonzales da farin wake ake haɗa ta, wanda aka dafa ya yi laushi ya yi kauri, a zuba a gefe ko a kai, da yankan burodi, wani lokaci da kwaɗon dankalin Turawa. 'Yan shekarun nan kuma wata ƙanwa ta fito mata, fastalaya: komai iri ɗaya, suyar nama da albasa da romo, sai dai a wurin shinkafa a kakkarya taliya a zuba. Yara sun fi son ta, masu sayarwa sun gane ta fi wuyar lalacewa, yanzu a taro da yawa tukunya biyu ake ɗorawa gefe da gefe.